Jan Zare a Kamu Bakwai

Ƙwal. Ƙwal. Ƙwal.

Ina kicin ina tankaɗen garin masara na ji ƙarar, wata Asabar cikin sanyin Janairu. Na karkaɗe hannu na leƙo falo. Maigidana ne tsaye gaban kabad, yana zaro dalmar fatsa daga aljihu da hannun hagu, yana sakinta ɗaya bayan ɗaya cikin kwanon da nake tara maɓallai. Guda shida. Na san adadinsu, don ni na narkar da su a gwangwanin tumatir.

"Malam, har kun dawo? Ko sha biyu ba ta yi ba. Ina sandarka?"

Ya ja ƙafarsa ta dama ya shige ɗaki, ya kwanta ya ba ƙofa baya, ko takalmi bai cire ba. Wandonsa a jiƙe yake har gwiwa.

Wata uku kafin wannan rana ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mutumin da ya ƙare aikinsa yana koyar da lissafi a firamare, wanda ake jiyo muryarsa daga aji har bakin titi, ya dawo daga asibitin Shika hannu a lanƙwashe, baki a karkace, kalma ɗaya sai ya yi gumi kafin ta fito. Matar da ke masa gashi ta ja ni gefe ta ce, "Mama, magani nasa ne, amma rabin aikin naki ne. Ya yi tafiya, ya yi magana, ya koma ga abin da yake so. In ya zauna, jikin zai zauna da shi."

Abin da Malam yake so kuwa ɗaya ne: fatsa. Shekara ashirin, duk Asabar, yana dam ɗin da ke bayan Samaru shi da amininsa, wanda kowa ke kira Baban 'Yanbiyu. Cocinmu ɗaya, yana da shagon kayan keke a Sabon Gari, shi ne ma babban aboki ranar aurenmu. Mutum ne mai baki. In ya shiga gidan makoki sai an roƙe shi ya yi shiru, don kada masu kuka su yi dariya. Shi ya zo da safiyar ranar ya ɗauki Malam a babur, fitarsa ta farko tun ciwon. Ni na guga masa rigar da ya sa. Har godiya na yi wa mutumin nan a bakin ƙofa.

Akwai abin da masu fatsa a dam ɗin ba su sani ba, kuma sai na faɗe shi za a gane sauran.

Babana masunci ne a wani ƙauye gaba da Shika, kuma Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai mu mata huɗu. Ni ce ke shiga kwalekwale in kwashe masa ruwa da ƙwarya. Yana da wata igiya mai ƙulli a kowane kamu, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. A ƙarshenta akwai kwalba da dutse ɗaure a gindinta, an toshe bakinta da totuwar masara mai nata zaren daban. Sai ya zura kwalbar zuwa kamu uku, ya fizge totuwar, ta cika da ruwan wannan zurfin, ya jawo. Ya zuba a bayan hannu kamar mai gwada ruwan wankan jariri, ya shinshina. Ya sake a kamu biyar, ya sake a bakwai.

A wurinsa na koyi cewa ruwan da aka tare ba ɗaya ba ne daga sama har ƙasa. Da sanyi yakan gauraya, kifi ya sauka ya kwanta can ƙasa inda ɗumi ya ɗan rage. Da bazara kuwa ruwan rabuwa yake: sama zafi, ƙasa sanyi ƙalau amma matacce, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko tana ka saka a ciki fari fat za ta fito. Kifi sai ya tattaru a tsakani, kamar kamu ɗaya sama da inda warin ya fara. In ruwan farko ya sauka dam ya yi ja, tarwaɗa takan bar tsakiya ta koma bakin rafin da ke shigowa, inda ruwa bai kai ƙugu ba.

Da Baba ya rasu, 'yan'uwana suka raba tukwane da akuyoyi, ni na ɗauki igiyar. Na koya wa Malam, amma hancinsa ba ya jin wari, allin makaranta ya gama da shi. Sai muka yi tsari. Ranar Juma'a in ya tashi aiki ya biya dam da keke, ya ɗebo ruwan zurfi uku a kwalaben lemo, ya faɗa mini wanne ya ji da sanyi. Ni kuma in shinshina a kicin, in duba launinsa, sannan in warware zaren fatsarsa in auna da hannuna, in ɗaura ɗan jan zare daidai inda guntun silifar da ke yawo a saman ruwa zai tsaya. Duk mako jan zaren nan matsawa yake, wani lokaci taƙi ɗaya, wani lokaci kamu biyu.

Baban 'Yanbiyu bai taɓa lura ba. Shi kullum a makare yake zuwa, baki cike da labari. Malam sai ya ce masa, "Miƙo," ya karɓi sandarsa ya daidaita masa zurfin da nasa, shi kuwa yana can yana ba mutane dariya. Su cika bokiti su dawo. Mutanen dam suna cewa jan zaren Malam laƙani ne, Malam ya yi murmushi kawai. Ni ban taɓa neman a sani ba. Kifi na shigowa gida, mijina na dawowa yana fito, me ya rage?

Abin da ya faru ranar Asabar ɗin, a bakin mai alayyahu na ji shi. Wata mata ce mai lambu a gefen dam, takan kawo mini ganye ranar Litinin. Ta sauke tirenta, ta ƙi zama.

"Mama, ya jikin Malam? Wallahi ranar nan har gida na kai ina jin abin a raina."

"Wane abu?"

Ta rufe baki da hannu. "Au, bai faɗa miki ba?"

Sai da na rantsar da ita. Ta ce kifi ne ya ci ƙugiyar Malam, babba, ya fizge sandar daga hannunsa ta faɗa ruwa. Malam ya bi ta, ƙafa ta ƙi, ya zame har gwiwa, yana son ya ce "kama" kalmar ta maƙale. Baban 'Yanbiyu ya tsamo sandar. Maimakon ya tsamo abokinsa, sai ya karkace baki, ya lanƙwashe hannu a ƙirji, ya ja ƙafa yana zagaya dutse yana cewa, "Ka-ka-ka-ka." Maza wajen goma suka kwashe da dariya. Sannan ya ce, "Shekara ashirin ni nake nuna masa inda kifi yake, yanzu kuma sandar ma ni zan riƙe masa." Wani tsohon soja daga Basawa ne ya kama Malam ya fito da shi, ya tare masa Keke Napep. Sandar kuwa, da jan zarenta a kamu bakwai, Baban 'Yanbiyu ya wuce da ita.

Na sayi alayyahun, na sallame ta, na shiga kicin na zauna a kan turmi. Ni mace ce da ko kaza ba na iya kallon yankanta. Amma ranar nan, da an miƙo mini mutumin nan a faranti, ban san abin da zan yi ba.

Daga ranar Malam ya daina komai. Ƙwallon robar da yake matsawa ya gangara ƙarƙashin gado, ya hana a ɗauko. Tafiyar da yake yi zuwa bakin get ya bari. In na tambaye shi abu sai ya gyaɗa kai ko ya girgiza. Ko jikarmu 'yar shekara shida da ke zaune wurinmu, wadda a da yake ƙirga mata wake tana dariyar yadda yake cewa "takwas", ya daina buɗe baki a gabanta. Ina kallo hannun yana ƙara ƙanƙancewa, wuyan rigarsa yana yi masa yawa. Na san abin da matar asibiti ta faɗa, ga shi yana faruwa a gabana, kuma na san wanda ya jawo.

Kullum da magariba kafin mu ci tuwo mukan yi addu'ar nan da kowane ɗan Kirista ya haddace tun yana yaro. A da Malam ke ja, tun ciwonsa ni nake ja. Akwai wuri a cikinta da mutum ke roƙon a yafe masa gwargwadon yadda shi ma yake yafe wa wasu. Ranar Litinin ɗin da na iso wurin, harshena ya ƙi. Ba na son in yi wa Allah ƙarya a gaban tuwo. Sai na yi tari, na wuce gaba. Kashegari ma haka. Ya zame mini hanya.

Ban je gidan Baban 'Yanbiyu ba, ban kai ƙara wurin fasto ba. Na san abin da ba su sani ba, sai na zauna ina jiran rana ta yi mini aiki.

Fabrairu ta ƙare, zafi ya fara. Ruwan randa ya daina kama haƙori. Ina tsaye ina wanke-wanke ina lissafi: yanzu kifi ya bar bakwai ya hau biyar. Maris ta raba, yanzu yana huɗu. Duk Litinin in tambayi mai alayyahu kamar ba komai, "Ya masu fatsa?"

"Kowa na ɗan samu, ban da abokin Malam. Ga sandar laƙani a hannunsa, ga bokiti wayam. Sojan nan ya ce masa ya ɗago ƙugiyar sama, ya ce wai ku kuka san zaren nan ko ni?"

Sai in ƙara mata ruwan sanyi, in ce ta gaida gida.

Cikin Afrilu, ranar Lahadi bayan an tashi sujada, sai ga Baban 'Yanbiyu da burodi a leda.

"Matarmu! Gidan nan ƙanshi kamar ana biki, ba a gayyace ni ba. Ina ango?"

"Yana barci."

Ba barci yake ba. Na ji lokacin da ya juya a gado da ya ji muryar.

Baban 'Yanbiyu ya zauna bakin kujera yana juya hularsa a gwiwa. Ya yi zancen zafi, ya yi zancen wuta da ba a kawowa. Bai ce uffan game da ranar nan ba. Can ya rage murya.

"Matarmu, tsakanina da ke, jan zaren nan, akwai abin da Malam ke karantawa a kai ne? Tun da zafi ya shigo kamar an ɗaure ni. Yara ƙanana suna kama kifi a gefena."

Na gyara ɗankwali, na sa muryar da nake gaishe da baƙi a coci.

"Ni me na sani, Baban 'Yanbiyu, ni da ke kicin? Amma kai ma ka duba mana. In zafi ya dame ka, ina kake gudu? Ba inuwa ba? Kifi ma sanyi yake nema. Ina ga bakwai ɗin ce ta yi maka kaɗan. Ka ƙara nauyi, ka sauka ƙasa sosai."

Ya bugi cinya. "Ka ji! Wallahi abin da na ce ke nan, sojan nan yana mini gardama!"

Na tashi na ɗauko kwanon maɓallai, na zaɓi dalma biyu mafiya nauyi, na miƙa masa da hannu biyu. Na raka shi har get. Burodin kuwa awakin maƙwabta na ba.

Labarin da ya biyo baya ya fi naman Kirsimeti daɗi a bakina. Ya sauka kamu tara. Dam ɗin ma ya ja baya da zafi, ƙugiyarsa cikin laka take kwana. Abin da yake jawowa baƙin taɓo, da ruɓaɓɓen ganye, da tana fara fat. Rannan ya jawo tsohon takalmi. Mutanen dam suka sa masa suna Sarkin Laka, in ya iso ɗaliban da ke zuwa fatsa su miƙe su ce, "Ranka ya daɗe, an gaishe da mai taɓo." Na sa mai alayyahu ta maimaita mini wannan sau biyu.

Ranar zumuntar mata, matar Baban 'Yanbiyu ta matso kusa da ni a benci. Ta ce maigidanta ba ya cin abinci sosai, in ya dawo shago sai ya zauna a tsakar gida yana kallon sandar Malam. Ta ce, "Kin san bakinsa, shi in abu ya tsorata shi sai ya mai da shi wasa. Ranar da ya ga Malam a asibiti, a bayan mota ya ɓuya ya yi kuka." Na ce mata, "Allah sarki," na buɗe littafin waƙa. Ba na son in ji. Ƙiyayyata ta yi mini daidai, ba na son a taɓa mini ita.

Sai dai duk daɗin nan bai ɗaga mijina daga gado ba. Farkon Mayu, hadari na haɗuwa yana watsewa, na kai masa koko ya sha cokali uku ya ture. Haushi ya kama ni, na ce, "To ka kwanta. Amininka ma yana can yana girbar abin da ya yi. Wata biyu ko ɗan karfasa bai gani ba. Sarkin Laka ake ce masa."

Malam ya juyo. Ya daɗe yana haɗa bakinsa.

"Kamu... nawa?"

Maganarsa ta farko ke nan cikin wata uku da wani abu. Cokali ya kusa faɗi daga hannuna.

"Tara," na ce. "Ni na ce masa ya sauka."

Ya kafe ni da ido. Sannan ya dafa gado da hannun hagu ya tashi zaune.

"Asabar. Kai ni."

Na fita tsakar gida ina rawa ni kaɗai. A zatona shi ma ramuwa yake so. Na aika aka saro gora mai sauƙi, na yanka tsohon tiyub na yi masa maɗauri, yadda sandar za ta kama damtsensa na hagu kifi ba zai ƙwace ba. Na ciro igiyar Baba daga ƙasan akwati. Kwana uku ina shirya maganar da zan faɗa, ina gwada ta a gaban tukunya.

Asabar da hantsi Keke Napep ta sauke mu inda hanya ta ƙare. Tafiyar da ba ta wuce minti biyar ba sai da muka yi kusan rabin awa, yana dogara sanda ina riƙe da kaya. Ruwa ya ja baya sosai, ga farin zane a jikin bangon dam inda ya tsaya da sanyi. Maza bakwai ko takwas na zaune a kan duwatsu. Da suka gan mu hira ta mutu. Baban 'Yanbiyu na kan dutsen da suka saba zama, sandar mijina a hannunsa. Ya miƙe, ya koma ya zauna.

Na shimfiɗa wa Malam buhu a dutsen da ke kusa da nasa. Na warware igiya, na rataya ta a kan gora na zura kwalba.

"Madam, ruwan sha kika zo ɗiba?" in ji tsohon soja. "Akwai fiya wata a can."

"Bari dai, ranka ya daɗe."

Kamu biyu: ɗumi, ƙanshin ganye. Kamu uku: ɗumi-ɗumi, lafiya. Kamu huɗu: sanyi ya kama bayan hannuna, warin ya daki hancina. Na sake zurawa har inda igiya ta taɓa ƙasa, na jawo ruwa baƙi-baƙi. Na miƙa wa soja. Ya shinshina ya kau da kai yana tofar da yawu.

"Kai! Wannan ai masai ne!"

"Miƙa wa Sarkin Laka," na ce. "Nan yake ajiye ƙugiyarsa tun Afrilu."

Na auna zaren Malam da hannuna a gaban kowa, kamu biyu da taƙi biyu, na zaro jan zare daga bakin zanina na ɗaura. Na sa masa tana, na jefa masa. Ba a yi minti goma ba guntun silifa ya nutse. Malam ya ɗaga damtse, karfasa ta fito tana walƙiya, faɗinta ya fi tafin hannuna. Ta biyu. Ta uku. Ɗalibai suka bar nasu suka zagaye mu. A ta biyar soja ya cire hula ya sara wa Malam.

Lokacin na miƙe tsaye, na gyara zani, na faɗi abin da na dafa kwana uku.

"Jama'a, an ce a nan wurin wani ya faɗa muku shekara ashirin shi ke nuna wa mijina inda kifi yake. To ga shi ga ruwa, ya nuna mana. Zaren nan ba laƙani ba ne, ni nake ɗaura shi duk Juma'a a kicin ɗina, mijina kuma ya ɗaura wa wannan nasa yana can yana surutu. Yau mai karkataccen baki zai ci kifi. Mai madaidaicin baki, ga laka nan, a ci lafiya."

Dariyar da aka yi har tsuntsaye suka tashi daga ciyawa. Wani ɗalibi ya faɗi yana riƙe ciki. Na dubi Baban 'Yanbiyu sosai don kada wani abu ya wuce ni. Kansa a ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Na ga furfurar da ban san yana da ita ba. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji, har cikin ƙashina.

Sai na ji muryar Malam a bayana.

"Miƙo."

Na zaci kifi yake so in miƙo masa. Ba ni yake kallo ba. Hannunsa na hagu a miƙe yake wajen amininsa, kamar kowace Asabar ta shekara ashirin.

Baban 'Yanbiyu ya taso kamar wanda aka tasa daga barci, ya ɗora masa sandar a cinya. Malam ya jawo zaren, ya cire dalmar nan biyu da haƙori, ya yi ƙoƙarin kwance jan zaren da hannu ɗaya. Ya ƙi. Ya sake, ya ƙi. Ba wanda ya yi dariya. Sai ya ɗago ya miƙo mini.

"Ɗaura... masa."

"Malam!"

"Ɗaura."

A gaban maza takwas ba zan yi wa mijina gardama ba, shi ma ya sani. Na durƙusa na karɓa. Yatsuna sun san inda biyu da taƙi biyu yake, sun kuma san inda huɗu yake, kuma ba mai ganewa. Na ɗaga ido, sai na ga Malam hannuna yake kallo, ba fuskata ba. Na ɗaura daidai. Na ja ƙullin da ƙarfi har zaren ya yanke ni a yatsa.

Baban 'Yanbiyu ya tsuguna a gaban Malam. "Malam, bakina ne. Ka san bakina. Wallahi tun ranar nan ban..."

"Yi shiru," in ji Malam, a hankali amma kowace kalma ta fita. "Kana... korar kifi."

Soja ne ya fara dariya, sauran suka bi, har da Malam, da karkataccen bakinsa, yawu na zuba bai damu ba. Ni kaɗai ce ban yi ba. Ina zaune gefe ina tsotsar yatsa, ina kallon mutumin da na yi wata uku ina gasawa yana jawo karfasa da zurfin da na auna masa da hannuna.

Yanzu duk Asabar babur na tsayawa a ƙofarmu, kuma Baban 'Yanbiyu ba ya makara. Ranar Juma'a shi ke ɗebo ruwan, ya kawo kwalabe uku ya ajiye a bakin kicin, ya cire hula ya ce, "Matarmu, a duba mana." Ina shinshinawa, ina faɗin gaskiya, amma ban taɓa ce masa ya zauna ba. Da ruwan farko ya sauka na tura su bakin rafi, suka dawo da tarwaɗa har na kyautar. Malam ya koma matsa ƙwallonsa, yana kai wa bakin titi da ƙafarsa, yana faɗa da rediyo. Na sami abin da na roƙa. Amma duk lokacin da na ga mutumin nan, sai in hango shi yana zagaya dutse da hannu a ƙirji, mijina cikin ruwa har gwiwa. Ban gani da idona ba, amma na fi waɗanda suka gani gani.

Rannan da magariba na soya mana kifi, na kwashe tuwo, muka zauna mu uku a tabarma. Na fara jan addu'a, Malam na bi a hankali, jikata na bi da ƙarfi ido a rufe. Na iso wurin nan, na yi tarina, zan wuce.

Yarinyar ta buɗe ido ɗaya, ta taɓa gwiwata.

"Kaka, kullum a nan kike tari. In kawo miki ruwa ne, ko mu jira ki?"